Haƙƙin Tsoho Gajiyayye a Tarihin Musulmi: Daga Yarjejeniyar Hira zuwa Darul Ajaza ta Santambul

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hanyoyin da al'ummomin Musulmi suka bi wajen ɗaukar nauyin tsoho gajiyayye, tun daga zamanin Halifofi shiryayyu har zuwa buɗe gidan gajiyayyu na Santambul a shekara ta 1896. Ta nuna cewa nauyin ya kasance hawa-hawa ne: gida, sannan baitulmali, sannan waƙafi da asusun unguwa. Ta kuma nuna cewa galibin hidimomin da aka tanada sun kasance masu iske tsoho ne inda yake zaune, kuma gidan da ake tara tsofaffi ya zo ne a matsayin mafita ta ƙarshe ga wanda ya rasa kowa.

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ɗauko zancen gina gidan tsofaffi a garuruwan Musulmi, mutane kan rabu gida biyu. Wasu na ganin wannan baƙuwar al'ada ce da za ta buɗe wa 'ya'ya ƙofar yada iyayensu. Wasu kuma na nuna tsofaffin da ke kwana a bakin masallatai da tashoshin mota, suna tambayar wane ne zai ɗauke su. Kowane ɓangare yana da gaskiyar da ya riƙe, sai dai muhawarar takan gudana kamar yau ne Musulmi suka fara cin karo da matsalar. Littattafan kharaji da amwal, da takardun waƙafi, da tarihin birane, sun adana yadda magabata suka fuskance ta ƙarni bayan ƙarni.

Alƙur'ani ya siffanta rayuwar ɗan Adam a Suratur Rum, aya ta 54, da cewa rauni ce, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, inda aka yi umarni da kyautata wa iyaye, an ambaci tsufansu tare da lafazin da ke nufin kasancewarsu a wurin ɗa, kuma malaman tafsiri sun fahimci cewa wannan yana nuni ga zamansu ƙarƙashin kulawarsa. A ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Abubakar (RA) ya kawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho makaho, gaban Manzon Allah (SAW), sai Manzo ya nuna cewa da an bar dattijon a gidansa shi ya je ya same shi. Wannan ladabi na iske tsoho a mazauninsa shi ne zaren da za a gani yana ratsa tarihin da ke tafe.

2.0 Hawa na farko: nafaƙar dangi da iyakarta

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, kuma alƙali na iya tilasta shi. Inda suka saɓa shi ne faɗin da'irar. Hanafiyya sun shigar da duk dangin da aure ya haramta tsakaninsu. Hanbaliyya sun rataya wajibcin a kan gado, wato wanda zai ci gadon mutum shi zai ciyar da shi idan ya gajiya. Shafi'iyya sun taƙaita a kan iyaye da kakanni har sama, da 'ya'ya da jikoki har ƙasa. Malikiyya ce mafi ƙuncin da'ira, domin a wurinsu wajibcin bai wuce uwa da uba da 'ya'yan cikin mutum ba. Haka Ibn Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386H/996M) ya tabbatar a Risala, haka kuma Shaihu Khalil ya tafi a Mukhtasar, inda ya fitar da kaka da jika a fili.

Duk da ƙuncin da'irar, Malikiyya sun zurfafa abin da ke cikinta. Khalil ya sanya wa ɗa mai hali ciyar da mai yi wa iyayensa hidima, da mai yi wa matar uban hidima, da aurar da uban mace guda idan yana bukata. Ya kuma bayyana cewa nafaƙar uwa ba ta faɗuwa don ta auri matalauci. Ke nan abin da ake kira a yau kulawa ta yau da kullum, kamar mai ɗebo ruwa da mai dafa abinci da abokin zama, fiƙihu ya lissafa shi cikin haƙƙin da ake iya kai ƙara a kansa.

Amma wannan hukunci yana barin giɓi a sarari. Akwai tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba, da tsohon da 'ya'yansa suka riga shi mutuwa, da wanda ɗansa shi ma bai da abin kai wa baka. A mazhabar Malik babu alƙalin da zai tilasta wa jika ko ɗan'uwa ciyar da irin waɗannan, ko da yake sada zumunci yana kiransu zuwa ga haka. Tarihin hawa na biyu da na uku, tarihin cike wannan giɓi ne.

3.0 Hawa na biyu: baitulmali

Mafi daɗewar rubutun da ya ambaci tsoho a matsayin mai haƙƙi a baitulmali shi ne yarjejeniyar da Khalid bn Walid (RA) ya ƙulla da Kiristocin Hira, a ƙasar Iraƙi, a shekara ta 12H/633M, zamanin halifancin Abubakar. Alƙali Abu Yusuf (ya rasu 182H/798M) ya kawo ta a Kitabul Kharaj. A cikinta an sharɗanta cewa duk tsohon da ya kasa aiki, ko wanda wata cuta ta naƙasa, ko mawadacin da ya talauce har mutanen addininsa suka koma ba shi sadaka, za a ɗauke masa jiziya, kuma a ciyar da shi da iyalinsa daga baitulmalin Musulmi muddin yana zaune a ƙasar Musulunci.

Abu Yusuf ya kuma ruwaito cewa Umar bn Khaɗɗab (RA) ya iske wani tsoho Bayahude makaho yana bara a ƙofar wani gida. Da ya tambaye shi dalili, sai ya ambaci jiziya da bukata da tsufa. Umar ya kai shi gidansa ya ba shi abin da ya sawwaƙa, sannan ya aika wa ma'ajin baitulmali cewa ya nemo wannan mutum da ire-irensa, domin ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyarsa a wofintar da shi a tsufansa. Malaman hadisi na da maganganunsu a kan isnadin irin waɗannan ruwayoyi, amma ga mai nazarin tarihi akwai abin da ya tabbata: babban alƙalin Daular Abbasiyya ya gabatar wa Haruna Rashid wannan a matsayin ƙa'idar da ya kamata hukuma ta bi. Abin lura kuma shi ne umarnin Umar bai tsaya kan mutum guda ba, ya haɗa da neman duk masu irin halinsa. Da haka aka fita daga babin kyauta aka shiga babin tsari.

Akwai wasu ruwayoyin da ke ƙarfafa wannan. Balazuri (ya rasu 279H/892M) ya ambata a Futuhul Buldan cewa Umar ya wuce wasu kutare Kiristoci a Jabiya ta ƙasar Sham, ya yi umarni a yanka musu abinci. An kuma ruwaito yadda ya ƙayyade rabon hatsi na wata-wata: ya sa aka ciyar da mutum 30 da jaribi guda da rana, da wani jaribin da dare, ya ga sun ƙoshi, sai ya yanka wa kowane mutum jaribi biyu a wata, namiji da mace da bawa. Wannan gwaji yana nuna cewa an auna abin da ke isar ciki ne kafin a yanka rabo.

A zamanin Banu Umayya, Ɗabari ya ambaci cewa Walid bn Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 86H/705M zuwa 96H/715M, ya yanka wa kutare abin masarufi ya hana su bara, ya ba kowane gurgu mai hidima, ya ba kowane makaho ɗan jagora. Bayansa, Umar bn Abdul'aziz ya rubuta wa gwamnansa na Basra, Adiyyu bn Arɗata, wasiƙar da Abu Ubaid (ya rasu 224H/838M) ya adana a Kitabul Amwal. Ya umarce shi ya bincika cikin ahluz zimma, duk wanda shekarunsa suka ja, ƙarfinsa ya ƙare, hanyar nema ta yanke masa, a gudanar masa da abin da zai ishe shi daga baitulmali. Ya kafa hujja da cewa wanda bawansa ya tsufa wajibi ne ya ci gaba da ciyar da shi har mutuwa ko 'yanci su raba su, sannan ya kawo labarin Umar da tsohon nan.

Daga baya malamai suka mayar da wannan aiki ƙa'ida. Alkasani (ya rasu 587H/1191M) ya kasa kuɗin baitulmali kashi huɗu a Bada'i'us Sana'i, ya ce kashi na huɗu, wanda ya ƙunshi dukiyar mamacin da bai bar magaji ba, ana kashe shi ne wajen maganin marasa lafiya matalauta, da likkafanin wanda bai bar komai ba, da renon ɗan tsintuwa, da ciyar da wanda ya kasa nema kuma ba shi da wanda nafaƙarsa ta wajaba a kansa. Hikimar a bayyane take: taskar da ke cin gadon wanda ba shi da kowa, ita ce ke ɗaukar nauyin wanda ba shi da kowa. Ibn Hazm (ya rasu 456H/1064M) ya ƙara mataki a Muhalla, inda ya ce idan zakka da sauran kuɗin Musulmi ba su isa ba, sarki ya tilasta wa mawadatan kowane gari su tanadar wa matalautansu abinci, da tufafin sanyi da na zafi, da mazaunin da zai kare su daga ruwa da rana da idon masu wucewa.

Ba za a ce kowane sarki ya tsaya kan wannan ƙa'ida ba. Baitulmali ya sha faɗawa hannun masu kashe shi kan soja da fada, kuma rabon da aka yanka a Madina ko Basra ba lalle ya kai ƙauyuka masu nisa ba. Wannan rauni na taskar hukuma yana daga cikin dalilan da suka sa nauyin ya karkata zuwa hawa na uku.

4.0 Hawa na uku: waƙafi

Asalin waƙafi, wanda Malikiyya suka fi kira hubusi, sananne ne a hadisin gonar Umar ta Khaibara, wadda aka riƙe asalinta aka sadaukar da amfaninta. Fifikonsa a kan baitulmali shi ne ba ya mutuwa da mutuwar sarki, kuma alƙali ne ke tsare sharuɗɗansa. Misalai huɗu za su nuna irin hidimomin da ya samar wa tsofaffi.

Na farko shi ne Irbil, a arewacin Iraƙi, zamanin Muzaffaruddin Kukburi (ya rasu 630H/1233M), surukin Salahuddin Al'ayyubi. Ibn Khallikan, wanda haifaffen garin ne kuma ya ga abin da idonsa, ya bayyana a Wafayatul A'ayan cewa wannan sarki ya gina gidaje huɗu don makafi da masu naƙasa mai ɗorewa, yana ziyartarsu da yammacin kowace Litinin da Alhamis, yana shiga ɗakin kowa yana tambayar bukatarsa. Ya kuma gina gida don matan da mazansu suka mutu, da gida don marayu, da gida don 'ya'yan tsintuwa tare da masu shayarwa, ban da gurasar da ake rabawa kullum a sassan gari. Wannan ya isa hujja cewa zaunar da gajiyayyu a gida na musamman abu ne da Musulmi suka sani tun ƙarni na 7 na Hijira. Ya kuma nuna sharaɗin da ya hana gidan zama wurin yada mutane, wato mai gidan da kansa yana shiga sau biyu a mako.

Na biyu shi ne ribaɗi. Maƙrizi (ya rasu 845H/1442M) ya ambaci Ribaɗul Bagdadiyya na Alƙahira, wanda Tizkarbai Khatun, 'yar Sarki Baibars, ta gina a 684H/1285M ƙarƙashin jagorancin wata malama, Zainab bint Abil Barakat. A nan ake zaunar da matan da aka saki ko mazansu suka ƙaurace musu, ana karantar da su, ana tsare mutuncinsu. A Makka kuma, Taƙiyyuddin Alfasi (ya rasu 832H/1429M) ya lissafa ribaɗai masu yawa, wasunsu an waƙafta su ne ga mata matalauta marasa maza. Irin waɗannan wurare sun zama matattarar zawarawa da tsofaffin da suka yanke wa ibada, kuma sunan da aka ba su suna ne na ibada. Wadda ke zaune a ribaɗi ana kallonta a matsayin mai bauta a cikin jama'ar masu bauta, ba a kiranta yasasshiya.

Na uku shi ne asibitin da Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 683H/1284M. Takardar waƙafinsa ta buɗe shi ga maza da mata, manya da yara, mawadata da matalauta. Ta kuma ba mai kula da waƙafin izinin aika magani da abin sha ga matalaucin da ke kwance a gidansa, matuƙar hakan bai tauye waɗanda ke kwance a asibitin ba, tare da ɗaukar nauyin likkafanin wanda ya rasu. Tsohon da ba ya iya tashi, asibiti ne ke iske shi.

Na huɗu shi ne ɗakin girkin sadaka da Turkawa ke kira imaret. Mafi shahara shi ne wanda Hurram Sultan, matar Sarki Sulaiman Alƙanuni, ta kafa a birnin Ƙudus, wanda takardar waƙafinsa ke ɗauke da shekara ta 1552M. An tanadi ɗakuna 55 na masauki, da gidan gasa gurasa, da tukwanen da ke ciyar da kimanin mutum 500 sau biyu a rana, 400 daga cikinsu talakawa da raunana. Da safe a dafa faten shinkafa, da yamma na alkama, kowa da gurasarsa. Kuɗin aikin yana fitowa ne daga ƙauyuka da kantuna da sauran kadarorin da aka waƙafta a Falasɗinu da Sham. Wannan takiyya tana nan tana dafa abinci a tsohon birnin Ƙudus har yau, mutane na zuwa da ƙwaryarsu su kai gida.

A ƙarƙashin waɗannan manyan waƙafai akwai ƙanana da tarihi bai cika ɗaga muryarsu ba. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya unguwanni da ƙauyuka suna da waƙafin kuɗi da ake kira awarid, sau da yawa a hannun limamin unguwa, wanda ake biyan harajin gaggawa da shi a madadin marasa hali, ake taimakon wanda ciwo ya hana nema, ake kuma binne wanda bai bar komai ba. Ƙungiyoyin masu sana'a su ma suna da asusun da kowane mai shago ke zuba wa, daga ciki ake tallafa wa maƙeri ko masaƙin da tsufa ya zaunar. Ƙarfin irin wannan asusu shi ne mai riƙe da shi ya san tsohon da sunansa, ya san ƙofar gidansa.

5.0 Raunin waƙafi da zuwan Darul Ajaza

Ƙarni na 19 na Miladiyya ya girgiza wannan gini. A 1826 Sarki Mahmud na Biyu ya kafa ma'aikatar waƙafai, wadda sannu a hankali ta tattara kuɗin waƙafan daular a hannun gwamnati. An yi haka da sunan gyara, kuma lalle akwai masu kula da waƙafi da suka ci amana, amma sakamakon shi ne kuɗin da aka waƙafta don tukunyar wata unguwa ya koma bin layin bukatun taskar da bashi ya yi wa katutu. A Aljeriya, Faransa ta fara ƙwace hubusi tun 1830, ta shigar da shi cikin kadarorin gwamnati a shekarun da suka biyo baya. A Masar, a shekarun 1840, gwamnati ta mayar da masallacin Ibn Ɗulun gidan tsare mabarata da gajiyayyu, aka toshe barandunsa aka yi ɗakuna.

Babban bugu ya zo da yaƙin Daular Usmaniyya da Rasha na 1877 zuwa 1878. Dubban ɗaruruwan Musulmi suka gudo daga ƙasashen Balkan, da yawansu suka kwararo Santambul, aka cika masallatai da makarantu da su. Ɗan gudun hijira ya baro hawa ukun nan duka a bayansa: 'ya'yansa sun mutu ko sun warwatse, unguwarsa da asusunta sun faɗa hannun wata daula, limamin da ya san shi ba ya nan. Titunan birnin suka cika da tsofaffi da marayu da naƙasassu masu bara.

A 1890 Sarki Abdulhamid na Biyu ya ba da umarnin kafa gida don waɗannan mutane, aka raɗa masa suna Darul Ajaza, wato gidan gajiyayyu. An aza harsashinsa a 1892 a yankin Okmaidan, ƙarƙashin kulawar Halil Rif'at Basha, wanda yake ministan cikin gida a lokacin kafin ya zama babban waziri, aka buɗe shi a farkon 1896. Sarki ya buɗe asusun da gudummawar aljihunsa, aka tara sauran daga jama'a, daga baya aka sanya wa tikitin gidajen wasan kwaikwayo wani kaso da ke shiga asusun gidan. An gina ɗakunan kwana, da asibiti, da sashen marayu, da wuraren sana'a don wanda hannunsa ke iya aiki. A farfajiya guda aka tsayar da masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa, abin da ke tuna wa mai karatu yarjejeniyar Hira. Gidan ya koma ƙarƙashin hukumar birnin Santambul a 1924, kuma yana aiki har yanzu.

Adalci ya sa a faɗi fuska biyu na wannan gida. Ta fuska guda, an gina shi ne bisa tsarin fiƙihun da aka bayyana a sama, domin sharaɗin da ya ɗore a kansa shi ne mai shiga ya kasance ya kasa nema kuma ba shi da mai hali da nauyinsa ya wajaba a kansa. Wannan shi ne mutumin da Alkasani ya siffanta ƙarni bakwai kafin nan. Ta ɗaya fuskar, akwai manufar share tituna daga mabarata da nuna wa Turai cewa daular ta waye, kuma mabaratan da suka zo daga larduna an riƙa mayar da su garuruwansu. Ba a daɗe ba kuma, a 1911, aka rufe imaret ɗin Santambul in ban da biyu. Gida ɗaya, komai girmansa, ba zai maye gurbin tukwanen da ke ciyar da tsoho yana zaune cikin maƙwabtansa ba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo abubuwa huɗu. Na farko, a fiƙihu tsoho gajiyayye mai haƙƙi ne, kuma a kowane hali akwai wanda ake bi bashin wannan haƙƙi: ɗa, idan babu baitulmali, idan ya gaza mawadatan gari. Na biyu, galibin abin da aka tanada ya kasance mai zuwa ne ga tsoho, kamar rabon hatsi, da ɗan jagora, da maganin da ake aikawa gida, da ƙwaryar fate. Na uku, gidan zama yana da asali a tarihin Musulmi tun Irbil da ribaɗan Makka da Alƙahira, amma an keɓe shi ga wanda ya rasa mai ciyarwa, aka kuma kewaye shi da ziyara da ilimi da ibada. Na huɗu, ba a tambayi tsoho addininsa ba kafin a ciyar da shi, daga Hira har Okmaidan.

Wannan tarihi ya shafi masu bin mazhabar Malik a ƙasar Hausa da maƙwabtanta fiye da kowa, saboda ƙuncin da'irar nafaƙa a mazhabar. Inda alƙali ba zai tilasta wa jika ko ɗan'uwa ba, rashin hawa na biyu da na uku yana nufin tsoho ya faɗo kai tsaye daga gida zuwa titi. Malaman Daular Sakkwato sun san matsayin baitulmali, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa hanyoyin shigarsa da fitarsa a Kitabul Farƙ. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da waƙafi bayan shekara ta 1999. Mazhabar kuma ta buɗe ƙofofin da wasu mazhabobi suka ƙuntata: ba ta sharɗanta dawwama a hubusi ba, ta yarda da hubusin abin da ake ɗauka, ta kuma san umra, wato a ba mutum zaman gida tsawon rayuwarsa sannan ya koma ga mai shi. Mai ɗaki guda da ba ya amfani da shi zai iya zaunar da tsohuwar unguwarsu ba tare da ya fitar da ɗakin daga gadon 'ya'yansa ba. Jikan da nafaƙar kakansa ba ta wajaba a kansa ba zai iya ba shi zakkarsa.

Saboda haka wanda ya ƙi gidan tsofaffi don kishin haƙƙin iyaye, wajibi ne ya nuna asusun unguwa da mai hidima da maganin da za su riƙe tsoho a ɗakinsa. Wanda kuma ya nemi a gina gidan, wajibi ne ya nuna sharaɗin da zai hana ɗa mai hali sauke nauyinsa a can, da waƙafin da zai ciyar da gidan bayan wanda ya gina shi ya bar mulki, da wanda zai riƙa shiga ɗakunan yana tambayar kowa bukatarsa. Aikin farko da Umar bn Khaɗɗab da Umar bn Abdul'aziz suka ɗora wa ma'aikatansu shi ne su bincika su gano su wane ne tsofaffin, kuma wannan aiki ne da kowane limamin unguwa da kwamitin masallacinsa ke da ikon farawa. Allah ne Mafi sani.